Awoyin Da Ba a Lissafawa: Masu Jinyar Tsofaffi a Gida da Takardar Mataimakin Nas a Amurka

A Amurka, matar da ta shekara biyar tana yi wa tsohuwa wanka a gidanta, tana ɗago ta daga gado, tana ba ta abinci a baki, in ta je neman aiki a gidan jinyar tsofaffi ba a ɗaukar ta a matsayin wadda ta iya. Ce mata za a yi ta kawo takardar CNA, wato shaidar mataimakin nas wanda jiha ta sa sunansa a rajista. In kuma ta tafi makaranta neman takardar, a wurare da yawa aji ɗaya za a zaunar da ita da yarinyar da ba ta taɓa canza wa majinyaci zanin gado ba, a fara koya musu wanke hannu tare. Wannan ne ya haifar da muhawarar da majalisun jihohi da hukumomin nas-nas suka daɗe suna yi: a lissafa wa mai jinyar gida horon da ta riga ta samu, ko kuwa ta faro daga tushe? Maganar ta shafi namu kai tsaye. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na masu wannan aiki a ƙasar baƙi ne da suka zo daga wasu ƙasashe, kuma wanda ya san unguwar Bronx ta Niyok ya san matan Zango na Ghana da 'yan Nijar da Najeriya nawa ne ke cin abinci da shi.

Tushen matsalar yana cikin yadda aka gina dokokin, domin aiki iri ɗaya ne aka raba shi gida uku, kowane da tasa ƙa'idar. A 1987 majalisar dokokin tarayya ta yi wa gidajen jinyar tsofaffi garambawul, ta ce duk gidan da ke karɓar kuɗin Medicare ko Medicaid, wato shirye-shiryen gwamnati na biyan kuɗin jinyar tsofaffi da masu ƙaramin ƙarfi, mataimakin nas ɗinsa sai ya yi horon aƙalla awa 75, kuma aƙalla 16 daga ciki su zama aikin hannu a kan mutum, nas na tsaye tana kallo. Bayan horo sai jarrabawa kashi biyu, ta ilimi da ta nuna aiki, sannan a shigar da suna rajistar jiha. Gida na biyu shi ne mataimakin lafiya na gida, wanda ake ce wa HHA, mai aiki ƙarƙashin kamfanin da Medicare ya amince da shi. Shi ma awa 75 ne da 16 na aikin hannu. Gida na uku, wanda ya fi kowanne yawan jama'a, shi ne mai kula da mutum a harkokin yau da kullum: wanka, sa tufafi, girki, rakiya. Wannan gwamnatin tarayya ba ta yanka masa ko awa ɗaya ba. Kowace jiha da kiwon da ya karɓe ta.

Su ma awa 75 ɗin, mafi ƙaranci ne. Niyok na neman awa 100 ga CNA, 30 daga ciki a cikin gidan jinya. Kalifoniya na neman 160, wato 60 a aji da 100 a ɗakin majinyata. Tun 2008 wani kwamitin masana lafiya na ƙasa ya ba da shawarar a ɗaga mafi ƙarancin zuwa awa 120, an kuma sake maimaita shawarar a 2022, amma dokar tarayya tana nan a 75.

Abin da ya fi ci wa masu aikin gida tuwo a ƙwarya shi ne hanyar fuska ɗaya take kallo. Tun farkon 2018, ƙa'idar tarayya ta amince cewa wanda ya yi horon CNA kuma sunansa na rajista ba tare da tabo ba, ya cika sharaɗin zama HHA. Jiha na iya ƙara nata: a Kalifoniya mai CNA zai ƙara awa 40 ya samu HHA, maimakon 120 da sabon shiga zai yi. Amma a juya lamarin, babu dokar tarayya da ta tilasta wa wata jiha ta lissafa wa mai HHA ko da awa ɗaya idan yana neman CNA. Mace a Niyok za ta iya yin awa 40 na matakin farko, ta ƙara 35 ta zama HHA, ta yi shekaru tana aiki, amma wannan bai ba ta haƙƙin ragi a kwas ɗin gidan jinya ba.

Masu neman a lissafa suna da hujja mai ƙarfi, kuma hujjar ta kuɗi da lokaci ce. Alƙaluman ma'aikatar ƙwadago ta Amurka na 2023 sun nuna matsakaicin abin da mai jinyar gida ke samu a shekara kusan dala 33,500 ne, mataimakin nas kuwa dala 38,000 da 'yar ɗoriya. Bambancin ba wani mai yawa ba ne, sai dai CNA kan zo da awoyi tabbatattu, kuma ita ce ƙofar shiga asibiti da karatun nas. Wadda ke rayuwa hannu baka hannu ƙwarya ba kuɗin makaranta kaɗai ke hana ta ba. Makonni huɗu ko shida da za ta bar aiki su ne suka fi tsada, ga haya, ga mai riƙe yara, ga 'yan uwa a gida na jiran aike. Duk awar da aka zaunar da ita tana sauraron abin da ta riga ta sani, abinci aka cire daga bakin iyalinta. Gidajen jinyar kuma kullum kukan ƙarancin ma'aikata suke yi.

Jihar Washinton ce ta fi kowa nuna yadda ake gina gada daga horon jinyar gida zuwa takardar CNA. Masu zaɓe a can sun amince da dokar da ta wajabta wa mai jinyar gida horon awa 75, a 2008 sannan aka sake tabbatarwa a 2011: awa 2 na gabatarwa, 3 na kariya daga haɗari, 70 na ainihin horo, sai jarrabawa da takardar shaida daga ma'aikatar lafiya. Wata doka ta 2010 kuma ta buɗe gajeriyar hanya: mai riƙe da wannan takarda zai ƙara awa 24 kacal ya cancanci zama jarrabawar mataimakin nas, a lokacin da cikakken kwas ɗin yake awa 85. In an haɗa 75 da 24 an samu 99, ya haura abin da jiha da tarayya ke nema. Daga baya jihar ta ɗaga cikakken kwas ɗin zuwa awa 108, ta kuma sake duba sharuɗɗan gadar. Abin lura shi ne dalilin da ya sa gadar ta yiwu tun farko. Horon gida a Washinton manhaja ce da jiha ta amince da ita, da jarrabawa, da takardar da hukuma za ta iya bincika. Akwai abin da za a ɗora gadar a kai. A jihar da kowane kamfani ke ba da nasa horon na kwana biyu, ya buga tasa takardar a ofis, hukumar nas-nas ba ta da yadda za ta san me aka koyar, wa ya koyar, awa nawa aka yi.

Ko a Washinton ɗin akwai waɗanda gadar ta tsallake. Wanda ke jinyar mahaifinsa ko ɗansa kaɗai, jiha na biyan sa, horon da ake nema gare shi ya fi gajarta, awa 35 ga yawancinsu, kuma ba a tilasta masa karɓar takardar shaida. Ranar da mahaifin ya rasu, ya so ya mai da abin da ya koya sana'a, sai ya tarar ba shi da takardar da ake hawa gadar da ita.

Batun wanda ya koyar ba ƙaramin abu ba ne, kuma nan ne ƙudurori da yawa ke tuntuɓe. Ƙa'idar tarayya ta ce horon CNA sai ya kasance a hannun cikakkiyar nas, ko ƙarƙashin kulawarta, wadda ta yi aƙalla shekara biyu tana aiki, ɗaya daga ciki a fannin jinya ta dogon lokaci. Horon gida kuwa sau da yawa tsohuwar ma'aikaciya ce ke ba da shi, ko kuma bidiyo ne a waya. Yana iya zama horo mai kyau, amma awa goma a gaban waya ba za ta shiga gurbin awa goma a gaban nas ba. Haka nan doka ta jera awa 16 na farko da dole a kammala kafin ɗalibi ya taɓa majinyaci: iya magana da mu'amala, hana yaɗuwar cuta, matakan gaggawa har da ceton wanda abinci ya shaƙe, ƙarfafa majinyaci ya yi abin da zai iya da kansa, da mutunta haƙƙinsa. Waɗannan su ne suka fi yin kama da abin da ake koyarwa a horon gida, saboda haka su ne aka fi sauƙin lissafawa idan takardu sun nuna an yi su.

To amma ba nan gizo ke saƙa ba. Ainihin tambayar ita ce me gida ke koyarwa, me kuma ba ya koyarwa. A gida mutum ɗaya ne a hannunta. Ta san lokacin da yake son shayinsa, ta san ƙafar da ke masa ciwo, in fuskarsa ta canza kafin ya buɗe baki ta gane. Wannan ilimi ne na gaske, kuma a wajen haƙuri da mai ciwon mantuwa sau da yawa 'yar gida ta fi sabuwar CNA nesa ba kusa ba. A gidan jinya kuwa da safe za a miƙa mata mutum takwas, goma, wani lokaci fiye. Ɗaya na da robar fitsari, dole jakar ta zauna ƙasa da mararsa, kada ta taɓa ƙasa, kada bututun ya lanƙwashe, in ba haka ba fitsari ya koma ya jawo cuta. Na biyu shanyewar ɓarin jiki ta taɓa masa haɗiya, ruwansa sai an kaurara shi, a zaunar da shi a miƙe, domin kurɓi ɗaya na ruwa tsinkakke na iya gangarawa huhu ya zama ciwon haƙarƙari. Na uku ba ya motsi, ana juya shi duk bayan awa biyu ana duba ƙugu da diddige, saboda jan da bai washe ba in an danna shi ne farkon gyambon kwanciya. Na huɗu an killace shi, akwai tsarin sa riga da safar hannu da takunkumi, akwai kuma tsarin cire su. Na biyar sai da injin ɗagawa, wanda yawancin gidaje suka hana mutum ɗaya ya yi amfani da shi shi kaɗai. Duk abin da aka ci, aka sha, aka fitar, ana aunawa a rubuta. Kuma dole ta san abin da za ta ruga ta faɗa wa nas yanzu-yanzu da abin da zai jira ƙarshen aiki. Shekara goma a gida ɗaya ba lallai ta haɗa ta da rabin waɗannan ba.

Akwai ma inda sabon gida ke zama haɗari. A Washinton nas na iya ɗora wa mai jinyar gida wasu ayyuka bayan horo na musamman, har da allurar insulin. A wasu jihohin ma'aikatan gidajen zama na tsofaffi suna taimakawa da shan magani. A gidan jinya kuwa ba da magani ba aikin CNA ba ne, sai wanda ya ƙara wata takardar daban inda jiha ta yarda. Wadda ta saba miƙa ƙwaya ga tsohuwarta kullum da safe tana bukatar a zaunar da ita a bayyana mata iyakar aikinta a sabon wuri, tun kafin kyakkyawar niyya ta jawo mata rasa takarda.

Jarrabawar nuna aiki ita ce ke fallasa wannan tazara. A irin wadda jihohi da yawa ke amfani da ita, tambayoyi 70 ne na zaɓi, sai ayyuka biyar da za a yi cikin kusan rabin awa, wanke hannu na ciki kullum, haka ma awo guda ɗaya. Wanke hannu sai an cuɗa da sabulu aƙalla daƙiƙa 20, yatsu na kallon ƙasa, a rufe famfo da takardar goge hannu. Bugun jijiyar hannu ana ƙirga shi minti guda cur, kuma kada lissafi ya bambanta da na mai jarrabawa fiye da bugu 4. A ƙirgan numfashi kada bambancin ya wuce 2, a awon fitsari kada ya wuce mililita 25. A ɗauki sauko da mutum daga gado zuwa keken guragu. Ta ƙwanƙwasa, ta gaishe shi da sunansa, ta faɗa masa abin da za ta yi, ta ja labule. Ta kawo keken gefen gado, ta ɗage matakan ƙafa, ta danne birki. Ta zaunar da shi tafin ƙafarsa a ƙasa, ta sa masa takalmi mara santsi, ta ɗaura masa bel ɗin riƙo a ƙugu a kan riga, su yi ƙirga tare, ta ɗago shi gwiwarta a lanƙwashe. Ƙwararriyar 'yar gida na iya yin duk wannan cikin laushin hannu da tsohon zai ji daɗi, amma ta manta birkin keken, domin a gidan da ta saba keken na jingine da bango. Wasu matakai an ware su a matsayin na rai da mutuwa, wanda ya tsallake ɗaya ya faɗi wannan aikin gaba ɗaya. Shi ya sa ake samun masu shekaru a aiki suna faɗuwa inda 'yan makaranta ke wucewa. Doka ta ba da damar gwadawa aƙalla sau uku, kuma ana iya zaɓar a yi ɓangaren ilimi da baki, abin da ke taimakon wadda ta fi jin Turanci a kunne fiye da a takarda.

Lokacin korona an gwada ɗaya gefen. A Maris na 2020 hukumar CMS, mai kula da Medicare da Medicaid, ta ɗage ƙa'idar da ta hana gidan jinya riƙe mataimaki fiye da wata huɗu ba tare da ya kammala horo da jarrabawa ba. Aka riƙa ɗaukar mataimakan wucin gadi, da yawansu da kwas na awa 8 a intanet. A 2021 hukumar ta ce jihohi na iya duba yiwuwar lissafa wani ɓangare na lokacin da suka yi suna aiki cikin awa 75 ɗin, muddin an tabbatar an bi dukkan darussan kuma an zauna jarrabawa. Sassaucin ya ƙare a Yunin 2022, aka ba su zuwa farkon Oktoba su samu takarda. Nan aka ga cewa aiki kaɗai ba ya zama horo. Wanda aka jefa cikin ɗaki babu mai gyara masa, kuskurensa yake maimaitawa har ya zauna masa a hannu. An kuma ga cewa ko an rage awoyin aji, cunkoson jarrabawa na nan: wasu jihohin sai da suka nemi ƙarin lokaci saboda babu isassun wuraren zama da masu jarrabawa.

A ganinmu, lissafin da ya dace na darussa ne, ba na awoyi ko shekaru ba. A ajiye manhajar gida kusa da ta CNA, a bi su layi-layi. Inda suka zo ɗaya, kamar wanka, sa tufafi, tsaftar baki, hana yaɗuwar cuta, mu'amala da mai mantuwa, a yafe zaman aji bayan nas ta gwada mai nema a ɗakin atisaye ta sa hannu. Inda babu su a ta gida, kamar awon jini da zafin jiki, motsa gaɓoɓi don kada su sandare, kula da robar fitsari, haƙƙin mazaunin gidan jinya game da ɗaure shi ko tsare shi, kula da wanda ajali ya kusanto, rubuta rahoto, a koyar da su cikakku. Abu biyu ne bai kamata a taɓa ba: awoyin aiki cikin gidan jinya na gaske a gaban nas, da jarrabawa iri ɗaya da ta kowa. Gwamnatin tarayya ta taɓa gwada wani abu kusa da haka ƙarƙashin dokar lafiya ta 2010, inda ta ba jihohi shida kuɗi su tsara manhajar tushe ga masu jinyar gida: Kalifoniya, Iowa, Maine, Massachusetts, Michigan da Karolina ta Arewa. Gwajin bai zama dokar ƙasa ba, amma ya nuna ana iya gina horon bene-bene, kowane mataki ya hau kan na ƙasansa.

Akwai gajeriyar hanyar da ta fi gada gajarta. Fulorida na barin mutum ya zauna jarrabawar CNA ba tare da kwas ba, in ya faɗi sau uku sannan a tilasta masa horo. Ga 'yar gida mai ƙwazo wannan sauƙi ne, sai dai takardar na iya ba ta wahala in ta ƙaura, domin kowace jiha ke yanke sharaɗin karɓar takardar wata, kuma wasu na tambayar shaidar awoyin horo. Duk gadar da aka gina ba tare da rubuta jimillar awoyi a kan takardar kammalawa ba, wannan ramin take haƙa wa masu bin ta.

Wani abin da masu tsara doka kan kau da kai a kansa shi ne, gada mai fuska ɗaya tana kwashe ma'aikata daga gida zuwa gidan jinya, alhali yawancin tsofaffi sun fi son tsufa a ɗakinsu, kuma can ma ƙarancin ma'aikata ake fama da shi. Ba a magance wannan da toshe wa mutane hanyar ci gaba. Kuɗin da Medicaid ke biya a kan awar jinyar gida ne ya kamata ya tashi ga wadda ta ƙara ilimi, ta yadda za ta iya riƙe CNA ta ci gaba da aikin gida in ta so.

Ga mai shirin bin wannan hanya, akwai ƙa'idar kuɗi da mutane da yawa ke asara saboda rashin saninta. Wanda gidan jinya ya ɗauka aiki, ko ya yi masa tayin aiki kafin ranar fara kwas, doka ta hana a caje shi ko sisin kwabo, har kuɗin littattafai da na jarrabawa. Wanda ya biya da aljihunsa sannan ya samu aiki a gidan jinya cikin wata 12 da kammalawa, jiha za ta mayar masa da kuɗinsa kaɗan-kaɗan gwargwadon zamansa a aikin. Saboda haka a adana rasit. A kuma nemi takardar kowane horon da aka taɓa yi tun ana tare da kamfanin, mai ɗauke da sunayen darussa, yawan awoyi, kwanan wata da matsayin wanda ya koyar, domin kamfanonin jinyar gida na buɗewa suna rufewa, takardunsu na tafiya tare da su. Kafin biyan kowace makaranta a duba sunanta a jerin waɗanda jiha ta amince da su, a kuma tambayi a wane gidan jinya za a yi aikin hannu: gidan da aka kama da manyan laifuka ana hana shi ba da horo har shekara biyu.

Bayan an samu takardar ma akwai sharaɗin riƙe ta. Wanda ya yi wata 24 a jere bai yi aikin jinya na albashi ba, sunansa na fita daga sahun masu aiki, sai ya sake jarrabawa ko horo da jarrabawa. Jihohi da yawa na neman shaidar aƙalla awa 8 cikin wannan lokaci. Wadda ta karɓi CNA ta koma jinyar gida ta tabbatar aikin nata na cikin irin wanda jiharta ke lissafawa, domin wasu na son ya kasance ƙarƙashin kulawar nas, kuma aikin da iyalin majinyaci ke biya hannu da hannu, babu takardar albashi, da wuya rajista ta karɓe shi.